Daga Wudil Zuwa Kano, Neman Sanyi Don Ɗakin Inna

Litinin: tashar Wudil

Ƙarfe shida saura ashirin na asuba na fito daga gidanmu da ke Sabon Garin Wudil, bayan na idar da salla na juya Inna gefen dama na barbaɗa mata hoda a baya. Ko a lokacin, da na dafa bangon ɗakin sai na ji shi da ɗumi, zafin jiya bai gama fita ba ga na yau yana hanya.

Inna mahaifiyata ce. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, aka ɗauko ta daga Darki aka kawo ta wajena don kusa da asibiti. Da bazara ta kankama sai bayanta ya fara saɓulewa saboda gumi da kwanciya wuri ɗaya. Likita ya duba ya ce a riƙa juya ta, fatar ta zauna a bushe, ɗakin kuma ya zama da sanyi. Ya faɗi na ƙarshen nan a sauƙaƙe, kamar a kasuwar Juma'a ake auna sanyi da kwano.

Da yayana Sale muka je asibitin. Ran Juma'a sai ya kora ɗan bijiminsa zuwa kara, kasuwar shanu, ya sayar, ya kawo mini kuɗin ya ce, "Hadiza, ke ce mai boko. Ki sayo abin da ya dace, don ba ni da wani bijimin." Matarsa Ladi ta zo ta karɓi jinya na wuni ɗaya, don a lissafina kafin la'asar na dawo.

Matsaloli biyu na tafi da su. Gidan haya muke, mai gidan kuma ya rantse ba za a huda masa bango ba, saboda haka a cikin na'urorin sanyaya ɗaki, wato esi, ta bango ta fita daga magana, sai mai taya wadda ake turawa. Na biyu, wutar unguwarmu baƙuwa ce mai kunya, takan leƙo ta koma kafin a gama yi mata sannu da zuwa. Abin da muka dogara da shi faranti huɗu ne na sola a kan kwano, waɗanda aka saka don fanka da firij. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Anti Rifkatu ta raka ni. 'Yar Gombe ce, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen lantarki na jami'a. Tun ran Asabar ta zo ta duba kayan solar ta ce, "Duk abin da ya haura wat dubu ɗaya, kayanki ba za su ɗauka ba." Wat, in ji ta, shi ne mudun da ake auna cin wuta da shi.

Mun yi sammako don mu riga rana. A tasha muka tarar da bas da mutum tara a ciki, ɗan kamasho yana ihun saura biyu. Muka biya dubu ɗaya da ɗari biyar kowacce muka shiga. Da zamanmu sai mutum huɗu suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka koma kan benci wajen mai shayi. Ashe aikinsu ke nan, cika mota da ido. Ƙarfe bakwai da ashirin muka tashi, rana ta riga mu hawa gada.

Hanya

Kilomita arba'in da 'yan kai ne daga Wudil zuwa Kano. Da muka hau gada na leƙa kogin, ya janye ya bar yashi, masu tifa suna ta ɗiba. Gonaki dama da hagu an share an tara kara, ana jiran sama.

Shinge biyu muka wuce. A na farko direba ya miƙa hannu ta taga aka gaisa, gaisuwar da ba ta buƙatar baki. A na biyu wani mai kaki ya leƙo ya tambayi Anti Rifkatu abin da ke jakarta. Ta fito da wata 'yar na'ura kamar kan soket mai gilashi a gaba.

"Mene ne wannan, Madam?"

"Ma'auni ne, ranka ya daɗe. Yana faɗin gaskiyar abin da kayan wuta ke ci."

Ya jujjuya shi ya mayar mata. Wani dattijo a baya ya ce, "Allah Ya sa ba ya auna mutane." Motar ta yi tsit har muka bar wurin, sannan aka fashe da dariya.

Cunkoso ya riƙe mu a Mariri kusan minti ashirin. Tara saura kwata muka sauka a Unguwa Uku, muka hau adaidaita zuwa Sabon Garin Kano inda shagunan kayan lantarki suke.

Shago na farko da na biyu

Ba mu gama sauka ba wani matashi mai gyararren gemu ya tare mu. "Hajjaju, Madam, ku shigo daga ciki, kallo kyauta ne." Na gaya masa abin da nake nema: esi mai taya wadda ba ta cin wuta sosai.

"Sosai? Hajjaju, wannan ba ta ci ma sam. Ƙwan fitila ya fi ta ci."

Ya turo wata fara doguwa mai fitilu shuɗaye, ya kunna, iska mai daɗi ta bugo ni. Wallahi har na fara taɓa jakata. Anti Rifkatu ta zagaya bayanta ta buɗe murfi, sai ga tankin ruwa da wani abu kamar soso.

"Ɗan'uwa, ina injin sanyin?"

"Ai ta zamani ce, Madam. An daina yi da inji."

Ta ja ni gefe ta ce wannan fanka ce mai ruwa. Ba ƙarya ya yi ba game da wuta, kaɗan take ci, kuma a busasshen zafi tana taimakawa. Amma danshi take hurawa, da hadari ya fara haɗowa ɗakin zai koma kamar bayan wanka, mu kuma bushewar fata aka ce mu nema. Kuɗin da ya sa mata kuwa na esi ne cif, sunan kawai ya ara mata. Muka yi masa godiya. Ya bi mu har bakin titi yana cewa ita ce ta ƙarshe, alhali ga 'yan'uwanta shida a jere a bayansa.

Shago na biyu na kayan hannu ne, 'yan Kwatano. Mai shagon ƙato ne mai fara'a, ya nuna mana wata baƙa da takarda mai taurari biyar manne a ƙirjinta. Ya ce tauraro biyar ƙarshen tattali ke nan, a Turai ma sai manya. Anti Rifkatu ta sa farce a gefen takardar, ta ɗago kaɗan, sai ga wata tsohuwar takarda a ƙasa da wani rubutu dabam.

"Mu gwada ta," in ji ta.

"Madam, man fetur fa."

Na ce zan biya kuɗin man. Aka tayar da janareta, ta soka ma'auninta a soket, ta soka wayar esin a jikinsa. Da ya danna, janaretan ya yi wani nishi kamar an ɗora wa jaki buhu uku, fitilun shagon suka dushe. Lamba ta tsaya a dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin.

Ya sunkuya ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya ɗago ya ce, "Na gane. Ita esin ɗari biyar take ci. Sauran wannan abin naki ne ke cinyewa."

Shaguna biyar muka shiga kafin azahar. A kowanne an rantse mana cewa kayan ba sa cin wuta, har na fara mamakin inda wutar ƙasar nan take tafiya, tunda babu mai cin ta. Na yi salla a wani ɗan masallacin mata a bayan layi, Anti Rifkatu tana riƙe da jakata a inuwa. Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, dubu ɗaya kwano, muka kora da zoɓo mai ƙanƙara wanda ƙanƙararsa ta narke kafin a ba mu canji.

Shagon Alhaji

Wajen ƙarfe uku muka faɗa wani siririn shago a ƙarshen layi. Esi ce jibge har rufi, ta bango da ta tsaye da mai taya, a tsakiyarsu kuma ga wani dattijo a kan tabarma yana fifita da mafici. Kowa Alhaji yake ce masa. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da hanya da zafi. Na faɗi buƙatata ina jiran rantsuwar da na saba ji, sai ya ajiye maficin.

"Ɗakin taku nawa ne?"

Na ce kamar taku huɗu da uku.

"Kwano ne a sama? Da silin? Tagar gabas take kallo ko yamma? Wa zai kwana a ciki?"

Da na ambaci Inna sai ya ce tasa mahaifiyar shekara biyu ta yi a kwance, Allah Ya jiƙanta. Daga nan ya yi abin da ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya yi ba, ya fara kushe hajarsa.

"'Yata, mai tayar nan ba ta kai ta bango tattali ba, duk wanda ya ce miki ta kai, ya cuce ki. Tana da ƙara. Tana da wani bututu kamar hanjin saniya, dole a fitar da shi ta taga, in ba haka ba zafin da ta kwasa a ɗakin za ta mayar. Amma tunda bangon ba naki ba ne, ki nemi ƙarama, mai ƙarfin doki ɗaya, irin wadda injinta ke tashi a hankali, in ɗaki ya yi sanyi ya rage gudu da kansa. Kuma kada ki duba abin da aka manna a gaba, ki duba ɗan ƙarfen da ke baya."

Anti Rifkatu ta dube ni, karon farko a ranar da ta yi murmushi a cikin shago.

"Akwai ta, Baba?"

"Akwai guda ɗaya a sito. Makullin yana hannun ƙanena, ya tafi jana'iza Bichi, sai gobe da safe."

A nan ne wayata ta yi ƙara. Ladi ce. Ta ce Inna ta ƙi cin komai tun safe, sau uku ta canza mata zani duk sun jiƙe, kuma wurin nan na bayanta ya ƙara ja. Ina jin numfashin Inna ta cikin wayar.

A kusurwar shagon akwai wata babba, doki ɗaya da rabi, sabuwa a kwalinta, kuɗina kuma za su kai. Na miƙe na ce a fito mini da ita, yau zan koma gida.

"Hadiza, zauna," in ji Anti Rifkatu.

"Anti, ba uwarki ce a kwance ba."

Na san maganar ba ta dace ba tun kafin ta gama fita daga bakina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gaskiya ne. Tawa ta rasu ina aji uku. Ki sayi wannan, ki kai ta gida yau, ki kunna, kayan solarki su ɗauke. Gobe Inna tana cikin zafin nan dai, ga kuma kabad mai taya a gefenta, kuɗin sun tafi. In kin yarda da haka, ni zan kama miki ita zuwa mota."

Alhaji ya ɗauki maficinsa ya ci gaba da fifita, bai sa baki ba, ko da yake babbar ta fi tsada kuma ribarsa tana can. Na koma na zauna a kan kwali na yi kukana. Da na share fuska na ba ta haƙuri, na kira Ladi na ce ta jiƙa tawul ta rataya a taga, ta riƙa yi wa Inna fifita, sai gobe.

Hotoro, gidan Gwaggo

Komawa Wudil a dawo da safe ɓarnar kuɗin mota ce, sai muka nufi Hotoro wajen Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu. Biyar da rabi muka isa. Ta karɓi Anti Rifkatu kamar ta shekara da saninta, ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, aka kawo tuwon masara miyar kuɓewa busasshiya.

Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta kama hannuna ta kai ni falonta. Can sama a bango ga wata ƙatuwar esi, an lulluɓe ta da farin leshi, an ɗora mata furen roba.

"Ɗana ne ya aiko da ita shekara uku da suka wuce. Doki biyu ce," ta faɗa da alfahari.

"Tana sanyi, Gwaggo?"

"An ce tana yi. Ranar da aka saka ta an kunna, wutar layin nan gaba ɗaya ta ɗauke, maƙwabta suka zo har ƙofa. Amma duk baƙon da ya shigo sai ya yaba."

A tsakar gida muka kwana mu uku, kowacce da maficinta.

Talata: gwaji da lodi

Takwas da rabi muna ƙofar shagon Alhaji. Ƙanen ya iso goma saura kwata, muka yi masa ta'aziyya, ya je ya turo ta a baro. 'Yar gajeriya ce, iya ƙuguna, ba fitilu shuɗaye, ba taurari. Anti Rifkatu ta durƙusa ta karanta ƙarfen baya, sannan ta nemi a gwada. Alhaji da kansa ya ce a tayar da janareta, bai ambaci mai ba.

Lambar ta fara daga ɗari uku, ta riƙa hawa a hankali kamar tsohuwa a matakala, ta tsaya a ɗari takwas da saba'in. Janaretan ko gezau. Muka tsaya minti goma sha biyar muna kallon gilashin nan mu huɗu. Lambar ba ta ƙara ba.

"Mun gode Allah," in ji Anti Rifkatu. "Daga sha ɗaya zuwa huɗu solarki za ta riƙe ta, in kin kashe firij kuma ba a guga."

Wato ranar da ke gasa mu ita ce za ta biya kuɗin sanyin, in ta faɗi kuma kowa ya koma ga maficinsa.

Aka yi ciniki, ya rage abin da ya rage, ya rubuta rasit. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada a kwantar da ita a mota, kuma in mun isa a bar ta ta huta awa biyu kafin a kunna.

A kwalinta an zana wata mata siririya tana tura ta da yatsa ɗaya tana murmushi. Maza biyu ne suka ɗaga ta zuwa adaidaita, ɗaya yana kiran sunan Allah.

A Unguwa Uku direba ya buɗe but ya ce a kwantar. Na ce ba a kwantar da ita.

"Hajiya, ko amarya ce?"

"Ta fi amarya tsada."

"To sai dai ki biya mata kujera."

Haka aka yi. Ta samu kujerar gaba ita kaɗai, an ɗaure ta da bel, mu kuma muka matsu a baya mu huɗu da buhun albasa a ƙafafunmu. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi ko mene ne. Da aka ji esi ce, wata mata ta roƙi direba ya kunna mana ita ko zuwa Mariri ne.

Sha ɗaya da rabi muka tashi. A shinge aka nemi rasit, na miƙa. Mai kakin ya karanta, ya zagaya ya dubi kwalin, ya share gumi da hularsa ya ce, "Hajiya, a sanya mu a addu'a in an shiga sanyi." Ya ɗaga mana hannu ba tare da an gaisa ba.

Gida

Sha biyu da minti arba'in muka hau gadar Wudil. Na tarar da Inna idonta a rufe, leɓɓanta sun bushe, Ladi tana kanta da mafici. Awa biyun nan da aka ce a jira sun fi mini jiya tsawo. A cikinsu wani kafinta ya yanko falanki daidai taga, ya huda shi, aka zura bututun, aka toshe gefe da tsumma. Na kashe firij, na rufe ƙofa.

Uku saura kwata Anti Rifkatu ta ce, "Bismillah ɗinki, Hadiza." Na danna.

Ƙara ce ta fara zuwa, kamar injin markaɗe daga nesa. Muka zuba wa kayan solar ido, ba su yi ƙorafi ba. Bayan minti ashirin na taɓa goshin Inna na ji shi a bushe. Numfashinta ya daidaita, hannunta mai lafiya da ya wuni yana damƙe da zani ya saki. Ladi ta ajiye mafici ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, kafin in juya ita ma ta yi barci.

Labari bai kwana ba. Kafin la'asar mata biyar sun zo dubiya, har da wadda rabonta da gidanmu tun ranar da aka kawo Inna. Kowacce ta shiga sai ta zauna ta gyara zama, ta ce ai zumunci wajibi ne. Sai da Anti Rifkatu ta tsaya a ƙofa ta bayyana musu cewa kowane mutum ɗaya murhu ne, a riƙa shiga bibbiyu.

Huɗu da kwata rana ta karkata, na kashe. Shirun ne ya tashi Inna. Ta buɗe ido ta dubi silin, ta shaƙi iska, ta motsa baki. Tun da ciwon ya same ta maganarta ba ta fita sosai, sai na kai kunnena.

"Hadiza... ruwa aka yi?"



"A aika Darki," in ji ta, "a ce su fito da iri."

Na ce to, Inna, za a aika. Ta nemi kunu, ta sha rabin kofi.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Ladi da Gwaggo, da Alhajin da ya kushe kayansa don ya gaya mini gaskiya. Ita kuwa Anti Rifkatu, da na raka ta ƙofa ina neman kalmar da zan faɗa, sai ta ce in bari, in dai tuna in kunna firij kafin miyata ta lalace.